Rabin Kilo na Tsohon Maganaɗisu a Tan Ɗaya na Ƙarfen Zubi

Akwai wani guntu mai sheƙi da ake cirowa daga had-dis, wato ma'ajiyar bayanai, na tsohuwar kwamfuta. Maganaɗisun niyodimiyam ke nan, wanda aka yi da wani sinadarin ƙarfe mai suna niyodimiyam. Kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa niyodimiyam ne da danginsa, kashi 1 boron, sauran kusan duk ƙarfe ne. Shi ya sa masu narka ƙarfe suka sa masa ido, domin niyodimiyam na taimakawa wajen gyara ƙarfen zubi.

Ƙarfen zubi na ɗauke da kabon kashi 3 zuwa 4. Idan ya huce, kabon ɗin kan ware ya zama garafait, irin na bakin fensir. Idan aka duba da madubin ƙara girma, siffa biyu ake gani. A ta farko, garafait ya kwanta falle-falle, kowane falle kuwa hanyar tsagewa ce. A ta biyu ya dunƙule kamar ƙwayar gero. Ƙarfe mai dunƙulallen garafait sai ya lanƙwashe kafin ya karye.

Maganiziyam ne ke dunƙule shi, muddin 0.03 zuwa 0.05 cikin ɗari ya saura a ciki. Sai dai farar wuta da oksijin kan cinye shi, ɗan burbushin dalma kuma ya ɓata siffar. Niyodimiyam yakan kama waɗannan ya ɗaure su, maganiziyam ya samu sarari.

Don sa maganaɗisun a ƙarfen zubi, da farko a gasa shi har zafin ya kai digiri 350 na Salshiyas, ƙarfin jansa ya mutu. A farfasa shi, amma kada a niƙa, garinsa kan kama da wuta da kansa. A zuba a gindin tukunya tare da haɗin maganiziyam, a rufe da gutsattsarin ƙarfe, sannan a kwararo narkakken ƙarfe mai zafin kusan digiri 1,500.

Awo shi ne wurin da ake kuskure. Rabin kilo a tan ɗaya yana kawo kusan giram 150 na niyodimiyam da danginsa, wato 0.015 cikin ɗari, ya kuma shigo da boron giram 5. Idan aka zarce, garafait ya ɓarɓashe a tsakiyar kaya masu kauri, sirara kuma su yi tauri su riƙa cin bakin injin yanka. Boron ya fi zama matsala, domin duk ragowar da aka sake narkawa da shi take dawowa, a hankali ya taru.

Da an gama haɗi, a zuba cikin minti 10 zuwa 15. Bayan nan maganiziyam ya ragu sosai, ƙwayoyin su soma rasa siffarsu.