Albashin da ba ya ganin tsakiyar wata

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shagon unguwa da yamma ya san littafin nan da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kanta, wato littafin bashi. A da, idan ma'aikacin gwamnati ya turo yaro karɓar kwanon shinkafa da kwalbar mai, mai shago ba ya ɗar-ɗar, domin ya san wata zai mutu, albashi zai shigo, a biya shi a buɗe sabon shafi. Yanzu mai shagon kansa ya fara noƙewa. Albashi yana shigowa, kafin sati ya zagayo ya ƙare a biyan bashin watan jiya, sauran kwanakin kuma sai dabara da buga-buga. Malamin firamare yana tashi daga aji ya hau babur ya yi acaɓa har dare. Ma'aikacin sakatariya ya rage zuwa ofis zuwa kwana uku a mako saboda kuɗin mota. A kan wannan littafi na mai shago nake so mu auna tattalin arzikin Najeriya a yau.

Za a ce mana ai an yi ƙarin albashi. Gaskiya ne an yi. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, bayan doguwar ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, waɗanda suka fara da neman naira 615,000, suka shiga yajin aikin da ya kai ga kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya a farkon watan Yuni, daga bisani suka sauko. Daga 30,000 zuwa 70,000, a takarda an ninka har da ɗoriya. To amma ba takarda ake dafawa a tukunya ba.

Mu yi lissafin tare. A 2019, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da naira 30,000, ana sayar da litar man fetur naira 145. Wato mai ƙaramin albashi zai iya sayen lita fiye da 200 da kuɗin watansa. A ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, sai ga 70,000 ɗin ba ta wuce lita 70 ba. Idan da dala za a auna, 30,000 ta 2019 ta haura dala 80, ita kuwa 70,000 ba ta kai dala 50 ba a ranar da aka sa mata hannu. Idan da shinkafa ce, tsohon albashin yana sayen kusan buhu biyu a farkon zuwansa, sabon kuwa akwai lokacin da buhu ɗaya ya gagare shi. Dattawan da ke saurarenmu za su tuna 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta samo naira 125 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Naira a wancan lokaci ta fi dala daraja, don haka wannan 125 ta kai kimanin dala 200. Shekaru arba'in da ɗoriya bayan nan, jikan wancan ma'aikaci yana karɓar abin da bai kai rubu'in na kakansa ba.

Ko wannan 70,000 ɗin ma ba kowa ya gan ta ba. Jihohi da dama sun yi ta jan ƙafa, musamman kan ma'aikatan ƙananan hukumomi. A Abuja kanta, inda aka sa wa dokar hannu, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kafin a saurare su, yara suna zaune a gida. Dokar kuma ba ta hau kan duk wani kamfani da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sannan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba aikin ofis ko na kamfani mai tsari suke yi ba. Ɗan dako a Kantin Kwari, mai wankin mota, yarinyar da ke aikatau a gidan masu hali, malamar makarantar kuɗi da ake biya abin da kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, duk babu dokar da ta san da zamansu.

Yadda aka kai ga wannan hali ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, makonni biyu bayan haka aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban wannan shekara, ta abinci kuwa ta wuce kashi 40 a tsakiyarta. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na masu rukunin farko, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Ni ba na cikin masu cewa tsarin tallafin mai na da ba shi da aibi. An tafka sata a cikinsa, an yi ta fasa-ƙwaurin man zuwa maƙwabta, kuma dala mai farashi biyu ta azurta 'yan tsirarun da ke da hanya a Babban Banki. Gyara ya zama dole. Tambayar da ya kamata a amsa ita ce, wa aka ɗora wa kuɗin gyaran, kuma wa ya kwashi ribarsa?

Domin kuɗin nan ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, aljihu kawai suka sauya. Abin da ake rabawa duk wata tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, wanda kafin 2023 yake ƙasa da naira tiriliyan ɗaya, ya yi tsalle har ya taɓa haura tiriliyan biyu a wata guda cikin 2025. Manyan bankunan da ke riƙe da daloli sun wayi gari da ribar da ba su taɓa gani ba, har wasu suka ƙetare naira tiriliyan ɗaya a shekara, abin da ya sa ita kanta gwamnati ta sanya musu haraji na musamman a kan ribar canji. Duk mai gida a Abuja ko Legas, duk mai dala a ajiye, duk mai hannun jari, dukiyarsa ta bi farashi ta hau. Shi kuwa wanda jarinsa guminsa ne, ana biyansa da nairar da take narkewa a hannunsa. Ta wannan hanya ce rata ke ƙara faɗi tsakanin mai shi da mara shi ba tare da kowa ya fasa gidan kowa ba.

A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa albashinsa bai kai naira miliyan ɗaya ba, amma idan aka haɗa da kuɗin gudanar da ofis, abin da ke shigowa duk wata ya kai miliyan 21. Ya kyauta da ya faɗa, domin da yawa ba sa faɗa. Amma ku raba miliyan 21 da 70,000. Sai mai ƙaramin albashi ya yi aikin wata 300, wato shekara 25, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara abin da ake kashewa a ofishin sanata ɗaya a wata guda. A cikin wannan wata na Agusta ne kuma sabon jirgin shugaban ƙasa ya sauka a Abuja, a daidai lokacin da ake roƙon talaka ya ƙara haƙuri. Tun a 2017 ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta dukiyar attajiran Najeriya biyar mafiya kuɗi a kan dala biliyan 29.9. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, jihar Sakkwato na kan gaba da kashi 91 cikin 100. Wannan ƙidaya an yi ta ne kafin a janye tallafin mai.

A nan Arewa akwai abin da masu tsara manufofi a Abuja ba sa sawa a lissafi. Albashin mutum ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. Ma'aikaci shi ne rumbun dangi. Shi ke sayen maganin tsohuwa a ƙauye, shi ke biyan kuɗin jarrabawar ƙanne, shi ake kira idan matar ɗan'uwa ta kasa haihuwa an ce sai an yi mata aiki, shi ke riƙe marayun yayansa. Ba mu da inshorar lafiyar da ta game kowa, ba mu da kuɗin rashin aiki irin na ƙasashen Turai. Zumunci ne inshorarmu, kuma albashi ne ke riƙe da zumuncin a gidaje da yawa. Ranar da albashin nan ya kasa, mutum goma ko ashirin ne suke faɗuwa tare da shi, a ɓoye, ba wanda ya ƙidaya su. Da can akwai masaƙun Kaduna irin su KTL da UNTL da Arewa Textiles, akwai masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, waɗanda ke ɗaukar dubban mutane suna raba wannan nauyi. Yawancinsu sun rufe tuntuni, nauyin ya tattaru a kan ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwar da shi ma jarinsa ke zaizayewa.

Shi ya sa idan na ji ana tambaya ko tattalin arzikin Najeriya zai durƙushe, sai in ga kamar ana jiran wata rana ce guda mai ƙara, irin ta Sri Lanka a 2022 inda jama'a suka kutsa fadar shugaban ƙasa har Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere, ko irin ta Labanan a 2019 inda bankuna suka hana mutane kuɗinsu, ko ta Ghana da ta kasa biyan bashin waje a ƙarshen 2022. Masana da dama na ganin Najeriya ta ja baya daga bakin wannan rami. Asusun ajiyar kuɗin waje ya ƙaru, naira ta ɗan tsaya, farashin hatsi ya sauko a 2025, kuma duk wanda ya ƙi yarda da hakan bai yi adalci ba. Amma saukowar alƙaluman hauhawa ba ta nufin kaya sun koma farashin da, tana nufin gudun hawansu ne ya ragu. Saukar farashin masara kuma ta bar manomi da asara, domin ya sayi taki da tsada ya sayar da amfani da araha.

Durƙushewar da ni nake tsoro ta riga ta fara, gida-gida take bi. Mun gan ta a farkon 2024 lokacin da mutane suka koma sayen afafata, tsakin shinkafar da a da kifi ake zuba wa. Mun gan ta a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban wannan shekara, inda fiye da mutum 150 suka ƙone suna kwasar man tankar da ta faɗi. Mun gan ta a watan Disamba, inda turmutsutsun rabon abinci ya kashe yara 35 a Ibadan, sannan wasu gommai a Okija ta jihar Anambra da Abuja, duk cikin mako guda. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mutum ya san fetur wuta ne, bai tunkare shi da bokiti ba sai da tura ta kai bango. Mun kuma gan ta a zanga-zangar tsadar rayuwa ta kwana goma a watan Agustan 2024, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da Jigawa da Borno, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a cikinta. Yaran da aka kama aka kai kotu a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, hotonsu bai kamata ya bar idon duk wani mai mulki ba.

Ga masu hali a cikinmu, ba sabuwar magana zan kawo muku ba. A Suratul Hashri Allah Ya bayyana hikimar rabon dukiya, domin kada ta zama abin da ke kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Rabon shinkafa da azumi a gaban kyamara alheri ne, Allah Ya karɓa, amma direbanka da maigadinka da yaron shagonka albashin da zai riƙe su wata guda suke buƙata, kuma kai ka san nawa kake biyansu.

Ga gwamnoni kuma, kuɗin tallafin da aka cire daga bakin talaka a hannunku kaso mai tsoka ya faɗo. Haƙƙin jama'a ne kowane gwamna ya fito duk wata ya faɗi nawa ya karɓo daga Abuja, nawa ya shiga albashi da fansho, nawa ya shiga asibiti da makaranta da motocin sufuri masu rahusa. Gadar sama tana da amfaninta, amma tsohon ma'aikacin da ya shekara biyar yana jiran garatuti ba zai ci gada ba.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato zama na gaba zai faɗo ne a 2027, shekarar zaɓe. Ina kira ga shugabannin ƙwadago kada su sake ɓata watanni suna cinikin adadi guda wanda hauhawar farashi za ta cinye kafin tawada ta bushe. Su nemi a rubuta a doka cewa albashi zai riƙa bin farashin kaya duk shekara, a sa hukunci a kan jihar da ta ƙi biya, a kuma shigo da ma'aikatan ƙananan kamfanoni da makarantun kuɗi da dokar yanzu ta bari a waje. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku neman ƙuri'a, ku tambaye shi matsayinsa a kan waɗannan abubuwa uku kafin ku karɓi taliyarsa.

Sai mun sake haɗuwa a sharhi na gaba. A huta lafiya.