Littattafai Biyu, Tsohuwa Ɗaya da Fitilar Aci-balbal

(An rubuto wannan lacca daga faifan muryar wani taron masu sha'awar karatu da aka yi a Zariya. An ɗan gyara wuraren da magana ta sarƙe.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro, malamaina da ke zaune a nan gaba, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na can baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana kan littattafan da muka karanta muna yara, da irin sawun da suka bari a rayuwarmu. Da takardar gayyata ta same ni, na ɗauki biro na fara jera sunaye har na ci rabin shafi, sannan na ajiye. Jerin sunaye kowa a ɗakin nan zai iya kawo shi, wasunku ma su fi ni. Abin da ni kaɗai zan iya ba ku shi ne labarin littattafai biyu, da wata tsohuwa da ba ta taɓa karanta harafin boko ko ɗaya ba.

Amma tunda a Zariya muke, ba zai kyautu in wuce ban gaida masu gida ba. A garin nan ne a 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Wanda ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Imam, yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Ku ɗalibai ku riƙe wannan, shekara 22. Daga baya East ya jawo shi nan Zariya, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, kuma a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda ya biyo ta Tudun Wada yau ya wuce ta gaban gidan da aka yi ta buga waɗannan takardu shekara da shekaru.

Ni duk ban san wannan ba lokacin da littafin ya shigo gidanmu. A 1970 ne, ina aji huɗu na firamare. Yayana ya dawo hutu daga sakandare, ina taya shi fitar da kaya daga akwatinsa na ƙarfe, sai na ga wani littafi a ƙasan barguna. Ba shi da bango. Wani ya yi masa riga da takardar buhun siminti, ya ɗinke gindinsa da zaren buhu. Shafin da ke ɗauke da sunan marubuci ya daɗe da tafiya, saboda haka na yi shekaru ina ɗauka Magana Jari Ce ba wani ne ya rubuta shi ba, haka nan yake tun fil azal, kamar labarin Gizo da Ƙoƙi.

A ɗakin kakata nake kwana, mahaifiyar babana. Iya muke ce mata. Ita boko a wurinta karatun Nasara ne, ko jakar makarantata ba ta yarda in rataye kusa da allona ba. Wata rana da hantsi ina raɓe a bayan rumbu ina karatu, dariya ta kama ni har ina buga ƙafa. Ta leƙo ta ce, "Maigida, lafiya kake dariya kai kaɗai kamar mai iskoki? Me ke cikin takardar nan?" Na ce, "Iya, wata mata ce ta cinye kajin da mijinta ya sa ta soya wa baƙo." Ta tsaya riƙe da ƙwarya. Ta ce, "Duka?" Na ce duka biyun. Ta ce, "To, ya ta yi da mijin?" Na buɗe baki zan karanta mata, ta ɗaga hannu. Ta ce ba a tatsuniya da rana, in bari sai an yi lisha.

Daren nan ta ƙara wa fitila man gyaɗa, ta gyara lagwani da tsinke, ta zauna bakin gadonta na kara, na karanta mata labarin Kalala da Kalalatu. Da aka zo inda mijin ya bi baƙo da gudu da wuƙa a hannu, shi yana roƙon kaza ɗaya, baƙo kuwa yana tsammanin kunnensa ake nema, Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na miƙa mata ruwa. Daga ranar ya zama ƙa'ida. In an yi lisha an ci tuwo, sai ta ce, "Maigida, ɗauko akun nan naka." Littafin take nufi, domin a cikinsa aku ne ke ba da labaran.

Ina so in daɗe a nan kaɗan, domin a nan maganata take. Na ɗauka ni ne malami, tunda ni ke riƙe da littafi. Ashe ita ce. Kun san rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo, rubutunsu ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya, rubutunsu ɗaya. Yaro mai shekara goma in yana sauri sai ya kai hannu kan wanda ya fara zuwa bakinsa. Iya ba ta ganin baƙaƙen, amma kunnenta ba ya barin ko ɗaya ya wuce. Sai ta ce, "Koma baya. Wa ya taɓa zama gindin hawaye?" In koma, in faɗa daidai. In na karanta maganar sarki da muryar da na karanta ta bafade, sai ta ce, "Haka sarkin garinku ke magana? Sassauta. Sarki ba ya gaggawa." Na koyar da Hausa fiye da shekara talatin bayan haka, na karanta littattafan nahawu masu nauyi, amma abin da na sani game da yadda jimla ke numfashi, a bakin gadon nan na samo shi.

Sannan tana tsayar da ni da tambaya. Kun tuna ginin littafin farko: sarki ya tafi yaƙi, an bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri yana neman hanyar da zai fitar da shi ya hallaka, aku kuwa ba shi da takobi ba shi da garkuwa, sai baki. Kullum dare Musa ya yi shirin fita, aku ya ɗaure shi da labari har gari ya waye. Iya sai ta ce, "Kai, da kai ne yaron nan, za ka zauna?" In ce zan fita mana, ai namiji ne. Ta ce, "Uhm. Ci gaba." Ba ta taɓa ce mini na yi kuskure ba. Bari take labarin ya kai ni inda zan gani da idona.

Da na shiga jami'a aka gaya mana cewa yawancin labaran nan ba a ƙasar Hausa aka haife su ba. Salon aku mai tsare mutum da hira daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa. Wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya suke. Irin labarin matar nan mai cinye kaji yana nan cikin tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka tattara. Ranar da na ji haka raina ya ɓaci, kamar an ce mini gidan da na tashi a ciki na haya ne. Na daɗe kafin in huce. Abin da ya hutar da ni shi ne tuna dariyar Iya. Matar da ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyen da ke gaba da mu ba, ta ji Kalalatu ta ce ta san irinta, akwai su a unguwa. Fata ko daga ina ta zo, sai ta bi ta hannun majemi take zama abin amfani. Imam majemi ne, kuma har yau ban ga wanda ya kama ƙafarsa a wannan sana'a ba. Masu cewa kwafa kawai ya yi, ina roƙonsu su ɗauki labari ɗaya na wata ƙasa su zuba shi a Hausa, su karanta wa tsohuwa, su ga ko za ta ajiye ƙwaryarta.

Littafi na biyu bai zo da dariya ba.

Shekara ta zagayo, yayana ya kawo Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan da bangonsa, kuma sunan ba baƙo ba ne, domin shekara biyar ke nan da kashe Firayim Minista a juyin mulkin Janairun 1966, tsofaffi ba su daina jimami ba. Iya ta ce tunda na marigayi ne, a karanta da ladabi. Ƙaramin littafi ne. Yaro ne aka sace yana ƙarami a zamanin cinikin bayi, aka ƙetare Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe, ya zama babban malami. Ni hankalina yana kan yaron, da raƙuma, da guguwar rairayi. Ban lura cewa Iya ta daina gyara mini karatu ba.

Da muka kai inda uwar ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, har ita ma aka kama ta aka sayar, sai na ji Iya ta ce, "Rufe." Na ce ai saura kaɗan. Ta ce, "Rufe, ɗan nan." Ba ta ce maigida ba. Ta hure fitila. Na kwanta a tabarmata ina jin ta tana juyi har barci ya ɗauke ni.

Washegari da dare na ɗauko littafi, ta ce in ajiye, yau ita za ta ba ni. Ta gaya mini cewa mahaifiyarta ba 'yar garinmu ba ce. Tana yarinya, ba ta fi ni ba a lokacin, mahara suka ɗauke ta a bakin rafi ita da ƙanwarta. An raba su a kasuwa ta biyu. Ta tsufa ta mutu ba ta iya tuna sunan ƙauyensu ba. Abin da ya rage mata shi ne tsagar fuskarta, wadda ba irin tamu ba ce, da wata 'yar waƙar daka cikin harshen da babu mai jin sa a gidan. Iya ta rera mini ita a hankali, baiti biyu, ita ma ba ta san ma'anarta ba. Ta ce kullum uwarta in ta ga baƙuwar fuska a kasuwa sai ta tsaya ta ƙura mata ido, ko ƙanwar ce.

Jama'a, babana bai taɓa gaya mini wannan ba. Da na tambaye shi bayan shekaru, ya ce shi ma gutsure-gutsure ya sani, ba magana ce da ake yi ba. Kuma kada ku ɗauka tarihi ne mai nisa. Turawa sun ce duk wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Wato lokacin da aka buga Shaihu Umar a 1934, akwai mutanen da doka ke kira bayi a ƙasar nan. Na ji masana suna cewa littafin ya yi sanyi, bai fito ya la'anci bauta ba, jaruminsa ya cika sallamawa ga ƙaddara. Ina ganin hujjarsu. Amma ni na ga abin da uwar nan ta cikin littafi ta yi wa wata tsohuwa a ɗakin ƙasa. Ta buɗe bakin da ya yi shekara sittin a rufe. Ban san irin ƙarfin da ake nema ga littafi da ya wuce wannan ba.

Mun ƙarasa shi bayan kwana uku. Da uwa da ɗa suka haɗu, ba ta daɗe ba ta rasu, Iya ta ce, "Ita dai ta gan shi." Iyakar sharhinta ke nan.

A sakandare an taɓa ƙwace mini littafin akun, aka ci ni tarar yin banakula, wato amfani da harshen gida a makaranta, na yi noman filin ƙwallo kwana biyu kafin a mayar mini. Har yau abin yana yi mini ciwo, ba don noman ba, don yaran da aka koya wa jin kunyar harshen iyayensu. Amma wannan laccar wata rana ce.

Ana yawan tambayata ko yaran yanzu sun bar karatu. Ban yarda ba. 'Yan matan da suka tashi da littattafan soyayya na Kano tun wajen 1990 su ne iyayen yau, kuma da yawansu a can suka koyi karanta Hausa da sauri. Yanzu ma ga labarai a waya, ga gidajen rediyo da ke karanta littafi, mata na aiki suna saurare. Son a karanta wa mutum labari bai mutu ba. Abin da nake nema ban cika gani ba shi ne mai cewa koma baya, mai cewa da kai ne ya za ka yi, mai cewa rufe, yau ni zan ba ka. Waya ba ta yin wannan. Kuma tsofaffin da ke ɗauke da irin abin da Iya ta ɗauka suna nan a gidajenku, a ɗakin da ke can ƙurya, ana kai musu abinci ana fitowa.

Iya ta rasu a 1974. Waƙar nan ina riƙe da ita. Na rera wa mutane daga Kudancin Kaduna, da Filato, da ƙasar Gwari, da Adamawa, duk inda aiki ya kai ni, ina fatan wani ya ce wannan ai harshenmu ne. Har yanzu ban dace ba. In akwai mai sha'awar harsuna a cikinku, ya same ni bayan an tashi, in rera masa.

Na ji ladan ya fara gyaran murya, shugaba kuma yana duban agogo. Littafin akun ga shi nan na zo da shi, da rigarsa ta buhun siminti. Wanda ke son gani ya zo bayan magariba, amma a riƙe shi da hannu biyu, ɗinkin ya saki. Tabon da za ku gani a gefen shafukan tsakiya man fitila ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.