Kwamfuta ta riƙa tambaya kafin ta sha mana data: hirarmu kan Windows mai zuwa

Auwal: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma muna nan Samaru a ɗakin da muka saba, in kun ji ƙarar janareto a baya ku yi haƙuri, na maƙwabta ne ba namu ba. Ina tare da Oga Sani mai gyaran kwamfuta a PZ, ga kuma Bilkisu da ke fama da furojet ɗin aji huɗu.

Bilkisu: Fama kam Yaya Auwal, babi na huɗu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Sani: Allah ya kawo sauƙi ƙanwata, mu ma mun ga irinku da yawa, sai an kusa difens ake tunawa da mu.

Auwal: To abin da ya tara mu yau, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, ita kuma Windows 11 tun 2021 take, ka ga dole wata na tafe ko ma wane suna za su raɗa mata. Sai na ce bari mu zauna kowa ya faɗi abin da yake so a gyara, kamar dai masu yin ta suna zaune a kan bencin nan suna jinmu. Oga kai ne babba, bismillah.

Sani: Ni buƙatata ɗaya ce kuma ita ce ta fi ci mini rai, su daina korar tsofaffin injina. Ka duba sharuɗɗan da aka sa wa Windows 11, ram giga 4, ma'aji giga 64, wannan duk babu damuwa kusan kowa na da su, amma sai aka ce dole furosesa ya zama Intel zubi na 8 zuwa sama, in AMD ne daga Ryzen 2000, sannan dole akwai TPM 2.0. To mu nan me ke shigo mana? 'Yan Beljiyam ne, su EliteBook 840 G3 da Latitude E7470, duk zubi na 6 ne, kuma wallahi injina ne masu ƙwari, ka sa wa ɗaya SSD da ram giga 8 ka ga yadda za ta riƙa tashi kamar an tsikare ta, ɗalibi zai yi shekara huɗu da ita ya bar wa ƙaninsa, amma a takarda an ce ba ta cancanta ba.

Bilkisu: Wai shi TPM ɗin nan mene ne, kullum ina jin sunan.

Sani: Wani ɗan ƙaramin sashe ne a cikin injin da ke ajiye makullan sirri, kamar ɗan akwatin ƙarfen da ɗan kasuwa ke ɓoyewa a ƙarƙashin kanta. Ba na cewa banza ne fa, yana da amfani sosai wajen tsaro. Abin dariyar ma shi ne da yawa daga cikin injinan ofis ɗin nan suna da shi, lissafin furosesa ne ke kayar da su.

Auwal: Amma Oga ai ku masu gyara kuna da hanyarku, na ga kuna ɗora Windows 11 da Rufus, manhajar nan da ake zuba Windows a fulash da ita, a kan injin da bai cika sharaɗi ba.

Sani: Muna yi, ba zan ɓoye ba. Amma shiga ta taga ce ba ta ƙofa ba, su Microsoft da kansu sun faɗa cewa ba su ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan injin ofdet ba, to ka ga na karɓi kuɗin mutum na ba shi abin da ban san ranar da zai tsaya ba. Su fitar da mara nauyi mana, a cire kwalliyar a bar tsaron, a ce wannan ta tsofaffin injina ce. An ce mai Windows 10 zai iya samun ƙarin shekara guda na ofdet ɗin tsaro zuwa Oktoba 2026, ko ya biya dala 30 ko ya haɗa da akawun ɗinsa na Microsoft, to bayan nan fa? Mutumin da sai da aka sayar da buhunan masara kafin a saya masa laftof ka ce ya sake wata.

Bilkisu: Ni dai nawa kukan na data ne. Ranar nan da daddare na sayi giga 2, niyyata in tura wa sufabaiza babi na uku in sauke takardu biyu shi ke nan, na kunna hotsifot na haɗa da laftof na tashi na je na ɗora ruwan shayi, kafin ruwan ya tafasa na dawo na tarar da saƙo wai datata ta ƙare. Ban buɗe komai ba fa Yaya Auwal, ko burauza ban taɓa ba, ashe baiwar Allah tana ganin intanet ta hau sauke ofdet abinta. Sai da na je ɗakin maƙwabciyata ƙarfe goma sha ɗaya na dare ina roƙon a ɗan haɗa ni.

Sani: Nan kam da laifinki ƙanwata. Akwai wurin da za ki shiga a saitin wayfay ki kunna mitad konekshan, wato ki gaya mata wannan layin a kan awo yake, sai ta rage hannu. Kuma kina iya dakatar da ofdet har sati biyar.

Bilkisu: To Oga wa ya gaya mini? Ai maganar kenan. Me ya sa sai na haƙa rami kafin in samo shi? Waya ma in za ka sauke abu mai nauyi tana nuna maka girmansa ta ce ka yarda ko a jira wayfay. Ni abin da nake so, duk lokacin da aka haɗa ta da sabon layi ta tsaya ta tambaya da manyan baƙaƙe, wannan datar saye kike yi ko ta banza ce, in ofdet ne ta ce mega kaza ne, yanzu ko sai an jima. Ko baƙo ya zo gidanka ai ba ya buɗe tukunya sai an ce bismillah.

Auwal: Ni ina bayanki a nan. Ka san waɗanda ke zana abin nan, a tunaninsu intanet kamar ruwan famfo ne da ba a ɗaukewa, wuta ma haka. Shi ya sa za ka ga an rubuta kar ka kashe kwamfutarka tana aiki, kashi 30 cikin ɗari, kai kuma batirinka ya riga ya mutu tun bara, kana kan soket kai tsaye, kana kallon ƙwan fitila kana addu'a.

Sani: Kai Auwal ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ana kawo mini irinsu, wuta ta ɗauke ana tsakiyar ofdet, injin ya tashi yana ta juyi wuri ɗaya. Sau da yawa tana iya komawa baya da kanta, wani lokacin kuma sai mun sa hannu. Da za su ji tawa, kafin ta fara babban ofdet ta duba lafiyar batir tukuna, in ta ga ba ya riƙe caji ta faɗa wa mai ita gaskiya ta bar shi ya zaɓi lokaci. Sannan a sauƙaƙa ɗaukar ofdet a fulash, ni in sauke sau ɗaya in raba wa injina ashirin, don fayil ɗin instol ɗin kaɗai ya haura giga 5. Akwai tsarin da injinan da ke layi ɗaya ke raba ofdet a tsakaninsu, amma je ka bizines senta na bakin get ka tambaya ko mutum ɗaya ya san da shi.

Auwal: Sai maganar akawun, wai ba za ka gama saita sabuwar kwamfuta ba sai da intanet da akawun ɗin Microsoft.

Sani: Bari in ba ku labari kan wannan. Wani dattijo ya zo mini daga Tudun Wada, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, da laftof a cikin jakar leda ya naɗe ta da sallaya. An taɓa wani abu a cikin injin, da aka kunna sai ga shuɗin allo yana neman makullin BitLocker, tsarin da ke rufe faifan injin, lamba 48. Na ce Baba ina akawun ɗin da aka buɗe ta da shi, ya ce wane akawun, na banki? Ashe yaron shagon da ya saya ne ya ƙirƙiri wani imel a gurguje don ya wuce wurin, bai rubuta masa faswod ba, yaron kuma ya bar garin. Rubuce-rubucen Baba na shekaru suna ciki, tarihin zuriyarsu da yake tattarawa, yana zaune a kan kujerata yana juya hula a hannu yana cewa ɗana ba yadda za a yi? Kuma babu, don an yi abin ne musamman yadda ko ɓarawo ba zai buɗe ba.

Bilkisu: Innalillahi. Ya aka ƙare?

Sani: Allah ya taimaka jikarsa ta taɓa kwafe wani sashe a fulash, sauran kuwa sai haƙuri. Shi ya sa nake cewa rufe faifai abu ne mai kyau amma a gaya wa mutum ƙarara an rufe, a tilasta masa ya rubuta lambar a takarda kafin ya wuce, kuma a bar wanda yake son akawun na cikin injin kawai ya yi abinsa ba sai ya nemo netwok ba.

Auwal: To ni nawa na Hausa ne, kun san ba zan bari a tashi ban faɗa ba. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan Hukumar Talifi ta zauna, amma yau ka shiga shagon taifin a Zariya ka ce a buga maka ƙ ko ɗ ko ɓ sai ka ga yaro yana zare ido. Alhali kibod ɗin Hausa yana cikin Windows tun tuni, in ka ƙara shi a saitin harshe sai ka danne Alt na dama ka buga k ta ba ka ƙ, amma an binne shi inda sai mai naci. A waya kuwa danne harafin kawai za ka yi ya fito.

Bilkisu: Kuma ko ka samu ka buga, ka kai wani shagon a buɗe da wani font sai ka ga duk ƙ ta koma ɗan akwati, ko ta fito ƙatuwa daban da 'yan uwanta kamar an aro ta.

Auwal: Yawwa. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, a ce mun je fada da mun je faɗa ai ba ɗaya ba ne, musamman a Zazzau. Ko katin biki a rubuta ana maraba da manyan baki. Ina so in mutum ya zaɓi Najeriya ko Nijar wajen saitawa ta tambaye shi kana rubuta Hausa, in ya ce e ta sa masa kibod ɗin nan take, duk font ɗin da ke zuwa da ita ya zama yana da haruffan, kuma in na nemi fayil na rubuta kasa ta nuna mini har da mai ƙasa, don rabin mutane ba sa sa lanƙwasar.

Sani: Ka ga ni da za a bi tawa da yawancin matsalolin nan Linux, kishiyar Windows, ta kashe su. Linux Mint na hawa kan 840 G3 lafiya lau, ba ta tambayar akawun, ba ta ofdet sai ka ce ta yi, 'yar uwarta Ubuntu kuma duk bayan shekara biyu a watan Afrilu suke fitar da mai dogon zango, kyauta.

Auwal: Oga ka fara wa'azin naka.

Sani: Gaskiya ce ai.

Auwal: Gaskiya ce amma je ka gaya wa mai buga kalanda da katin biki a Sabon Gari, zai tambaye ka CorelDRAW na hawa? Ba ya hawa. Ita kuma Bilkisu sufabaiza zai dawo mata da fayil ɗin Word cike da gyara, ta buɗe a LibreOffice, madadin Word a Linux, tebur ya goce lambar shafi ta yi tsalle.

Bilkisu: A'a ni kar a gwada da furojet ɗina don Allah. Sannan wannan Copilot, AI ɗin Microsoft da ake ta cusa mana a ko'ina, wanda ke so a ba shi, ni a bar mini maɓallin cirewa gaba ɗaya, ram ɗina giga 4 ne ba ni da wurin saukar baƙo. Oga tsaya ma, ya ake gane zubin injin, ni ban san nawa ba.

Sani: Buɗe saiti ki shiga wurin bayanin injin, karanto mini abin da ke gaban i5 ɗin.

Bilkisu: Ga shi, i5 sai 'yar sanda sai 7200U.

Sani: A irin taki lambar farko bayan sandar ita ce zubin. Na 7 ce.

Bilkisu: Kai! Ɗaya tal ya rage?

Sani: Ɗaya tal. Kawo ta shago ranar Asabar in ƙara miki ram, zan zo da Mint a fulash ki ɗanɗana ba tare da an goge komai ba.

Bilkisu: Ram ɗin dai na yarda, Mint sai bayan difens. Kuma Oga a yi mini farashin ƙanwa.

Auwal: Wannan ku ƙarasa a waje, ga shi ana kiran la'asar. Jama'a wanda ke da nasa kukan ya turo mana saƙon murya, amma a taƙaita don mu ma datar saye muke yi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.