Mun Je Neman Gida Mai Lamba 47 a Ƙauyen Kakan Maiɗakina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, a cikin jirgin ƙasa nake. Yau 31 ga Oktoba, ƙarfe bakwai saura, kuma kamar yadda kuke gani ta taga, hazo ya lulluɓe gonaki. Mun taso daga Wrocław, a ƙasar Poland, garin da nake zaune yau shekara tara. Ba yadda kuke ganin sunan a rubuce ake faɗinsa ba, "Burotsuwaf" ya fi kusa. Tarnów muka nufa, ta Kraków, tafiyar awa huɗu da 'yan mintoci. Da ni, da maiɗakina, da 'yarmu, sai surukata da ke zaune can rungume da jakar kyandirori.

Abin da ya fito da mu aikin makaranta ne. An ce wa yara kowa ya zano bishiyar danginsa. Ɓangarena bai ɗauke mu minti goma ba: na kira Hajiya a Katsina, ta jero min kakanni har hawa biyar da ka, da garin da kowa ya fito, da sana'arsa, har da wadda aka aura aka saki. Da muka juyo ɓangaren uwar yarinyar, sai magana ta tsaya cak a kan kaka ɗaya. Surukata ta ce abin da ta sani kawai, mahaifinta ya iso Wrocław a 1946 da akwati ɗaya, daga wani ƙauye "wajen Tarnów", kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa zama ya ba su labarin gida ba. Ranar na ga idonta ya cicciko, na ce a raina wannan gida sai mun nemo shi.

Kada ku ɗauka sakaci ne. Dubban gidaje a Wrocław haka labarinsu yake. Kafin 1945 garin nan na Jamus ne, sunansa Breslau. Da aka gama yaƙin duniya na biyu aka ture iyakar Poland zuwa yamma: Tarayyar Sobiyet ta riƙe gabas, har da birnin Lwów da yanzu yake cikin Yukren, aka ba Poland yankunan Jamus. Aka kwashe Jamusawa, aka zubo mutane daga ko'ina suka shiga gidajen da ba su gina ba. Shi ya sa idan ka tambayi ɗan garin nan asalinsa, da wuya ya ce maka kakansa a nan aka binne cibiyarsa.

Kafin wannan ma akwai wata. Daga 1795 zuwa 1918, shekara 123, babu ƙasar Poland mai cin gashin kanta a taswira. Rasha da Furusiya (wata daular Jamusawa) da Ostiriya sun raba ta uku. Mai neman asali sai ya fara sanin hannun wa ƙauyensu ya faɗa, domin shi zai gaya masa harshen da aka rubuta haihuwar kakansa. A ɓangaren Rasha, daga 1868 da Rashanci ake rubutu. A ɓangaren Furusiya takardun hukuma da Jamusanci suke. Namu ɓangaren, Galicia, na Ostiriya ne, kuma limaman coci ne ke riƙe da littattafan, da Latin.

Watanni muka yi muna tono da dare bayan yarinya ta yi barci. Akwai rumbun intanet mai suna Geneteka, wanda 'yan sa-kai suka zauna suna kwafe sunaye daga tsofaffin littattafan coci kyauta, akwai kuma Szukaj w Archiwach na ma'adanar takardun gwamnati. Dokarsu ita ce takardar haihuwa tana zama a ofishin rajista shekara 100, ta aure da ta mutuwa shekara 80, sannan a miƙa su ma'adana kowa ya iya gani. Abin da ya fi wahalar da mu suna ne. Liman ba ya rubuta sunan da ake kiran mutum a gida, sai ya juya shi Latin. Jan ya koma Joannes, wannan da sauƙi. Amma Wojciech fa? Adalbertus! Ko harafi ɗaya ba su haɗa a farko ba. Sau uku muna wuce layin da muke nema ba mu gane shi ba.

Ku duba wannan hoton shafin a wayata. Layi-layi ne: ranar haihuwa, ranar baftisma, sunan jariri, uba, uwa, iyayen uwa, waɗanda suka tsaya wa yaro, har da sunan ungozomar da ta karɓi haihuwa. Wannan na ungozoma ya taɓa min zuciya, don a wurinmu ma ba a manta wadda ta yanke cibi. Kusa da sunan uban an rubuta "hortulanus", wato mai ɗan gida da ɗan fegi, ba babban manomi ba. Surukata ta daɗe tana jin cewa duk mai suna da "-ski" a ƙarshe jinin sarauta ne. Ba haka ba ne, talakawa da yawa suna da shi. Kowalski ma daga kowal ya fito, maƙeri ke nan. Sai kuma wannan ɗan gurbin na gefe, shi ne maganinmu: lambar gida. A duk haihuwar da muka bi, 47 muke gani.

To, ga mu mun sauka, mun hau ƙaramar bas, ga ƙauyen nan. Ba zan faɗi sunansa ba saboda mutuncin masu gida. Mun fara da ofishin coci. Limamin ya buɗe mana littafi, ya duba, ya ce lambobin gidaje sun sauya tun tuni, 47 ta da ba ita ce ta yanzu ba. Amma akwai wata tsohuwa a ƙarshen hanya, shekararta 91, idan ita ba ta sani ba to babu wanda ya sani. Muka ajiye abin da ya sawwaƙa, su suna ce masa "co łaska", muka fito.

Bari in tsaya a bakin hanyar nan in yi muku bayani kafin mu ƙwanƙwasa, domin takarda ta kawo mu iyakar inda za ta iya, saura ladabi.

Da na zo ƙasar nan na ɗauka mutanen ba su da fara'a. Ba a yi wa baƙo murmushi a titi, gaisuwa kuma kalma biyu ce, "dzień dobry", an wuce wurin. Ni da na saba da ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya sanyi, abin ya yi min nauyi ƙwarai. Daga baya na gane girmamawarsu a wani wuri take. Ba ka isa ka ce wa babba ko wanda ba ka sani ba "kai" ko "ke" ba. Namiji Pan ne, mace Pani, kuma magana za ka yi kamar kana zancen wani: "Pani za ta sha ruwa?" alhali tana gabanka. Ka tuna yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya" ko "ranka ya daɗe", to kusan haka ne, sai dai su har mai shago da direban bas ana yi musu. Kuma ba ƙarami ke sauke wannan shamaki ba. Babba ne zai ce, "Mu koma kiran suna," in tsakanin mace da namiji ne, macen ce za ta fara. Kana iya shekara goma da maƙwabci kuna Pan da Pani, ba gaba kuke yi ba.

Inda na fi shan wuya shi ne ido. Mu an hore mu da sunkuyar da kai gaban manya. A nan in ka kawar da ido kana gaisawa, sai a ga kamar kana ɓoye wani abu. Sai kuma surukuta. A gida ina ni ina cin abinci gaban suruka? A nan kuwa tebur ɗaya za ku zauna, ita za ta zuba maka, kuma "mamo" za ka kira ta, wato mama. Na fi shekara kafin bakina ya iya furta shi. Ranar da na faɗa, ta tashi ta rungume ni, na ga ashe kunyar da nake yi don girmama ta, ita nisa take ganinta.

Ga furannin da muka sayo, guda bakwai. Ba a kai wa mai rai adadin da ya rabu biyu daidai, na jana'iza ne. Waɗannan masu ruwan ɗorawa da kuke gani jere a bakin hanya kuwa, chryzantemy, na kabari ne zalla, kada ka kuskura ka kai wa mutum gida.

Na kashe kyamara da muka shiga, don ba a shiga gidan tsohuwa da waya a fuska. Yanzu da izininta nake ɗauka. Da ta buɗe ƙofa na miƙa hannu ban sani ba, sai maiɗakina ta taɓa ni: ba a gaisawa ta kan dokin ƙofa, ko ka shigo ko shi ya fito. Na janye, na jira ita ta fara miƙo nata. Muka cire takalma, aka ba mu silifas na cikin gida, kapcie, kowane gida yana da na baƙi. Ta ƙare mana kallo, musamman ni, kuma ban ga laifinta ba. Na ce, "Dzień dobry pani, ki gafarce mu mun zo ba sanarwa." Surukata ta faɗi sunan mahaifinta da na kakanta. Tsohuwar ta yi shiru, ta dafa kujera, ta zauna. Sai ta ce, "Ke 'yarsa ce? Hancin nan nasu ne."

Ashe ubanta da uban marigayin wa da ƙani ne. Tana da shekara goma sha biyu lokacin da ya tafi, kuma tana tune da ranar. Ta ce su bakwai ne a ɗakinsu, fegin kuwa ko mutum biyu ba zai riƙe ba. Wasu dangin tun kafin yaƙin farko suka tsallaka Chicago, shi kuma ya ji ana cewa a yamma akwai gidaje da aiki, ya bar wa ƙaninsa rabonsa ya kama hanya. Ya aiko wasiƙa sau biyu. Uwarsa ta rasu a hunturun da ya biyo baya, saƙo bai same shi da wuri ba, bai zo jana'iza ba. Tun daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Tsohuwar ta ce, "Ba fushi aka yi da shi ba. Shi ne ya kasa yafe wa kansa." Surukata ta rufe fuska da hannu biyu.

Kafin mu farga tebur ya cika. Suna da karin magana, "Gość w dom, Bóg w dom", baƙo a gida, Allah a gida. Da na fara jin ta, "baƙonka annabinka" ce ta faɗo min. Shayi da lemon tsami a kofin gilashi, kek na cuku, da pierogi, wato ƙullin fulawa da aka cusa wa dankali da cuku. Akan barbaɗa musu soyayyen kitsen alade, sai maiɗakina ta yi mata bayanin addinina. Ba ta ɓata rai ba. Ta tashi da sandarta, ta ɗauko wani kasko daban, ta soya min albasa da man shanu. Da jikanta ya kawo 'yar kwalbar giyar gida na ce ba na sha, ita ce ta ce masa ya mayar. Aka ce "smacznego", wato a ci lafiya, muka ci. In ka cinye za a ƙara, in ka ce ka ƙoshi ba za a yarda da na farko ba. Da za ka tashi daga tebur kuma sai ka ce "dziękuję", na gode.

Ina cikin godiyar ne na sake ce mata Pani, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Wace irin Pani kuma? Ka ce min ciociu." Gwaggo ke nan. Jama'a, shekara tara ina ƙasar nan, ban taɓa jin an karɓe ni kamar wannan lokacin ba.

Gidan mai lamba 47 babu shi, an rushe shi tun shekarun 1970. Ga wurin nan, ku gani: rijiya da aka rufe da katako, da tsohuwar bishiyar tuffa. 'Yata ta tsinci guda biyu a ƙasa ta sa a aljihu, ta ce ɗaya na malamarta ne.

Yau kuma 1 ga Nuwamba, Wszystkich Świętych, wato Ranar Dukkan Tsarkaka, ranar hutu ce a duk ƙasar. Mutane kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don su wanke kabarin iyayensu su kunna kyandir a cikin kwalba, znicz. Magariba ta yi, ku dubi maƙabartar nan, ko'ina haske ja da fari, yara da tsofaffi, kuma ba ka jin hayaniya. Ni Musulmi ne, ibadarsu ba tawa ba ce, shi ya sa na tsaya daga gefen hanya na riƙe wa Gwaggo kujerarta ta naɗewa. Amma na san abin da ke kawo mutum gaban kabarin uwa.

Gwaggo ce ta nuna kabarin uwar baban surukata. Rubutun ya kusa gogewa, sai da jikanta ya haska da waya muka karanta shekarar, 1947. Ta ce shekara da shekaru ita ke kunna mata kyandir ɗaya. Surukata ta durƙusa ta jera nata guda uku, ta ce na uku a madadin babanta ne.

Ga 'yata can ta shimfiɗa takardar makaranta a kan benci, Gwaggo tana faɗa tana rubutawa. Sun cika gurbi huɗu, takardar ta ƙare, sun juya bayanta. Bari in je in haska musu. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.