Radio Caroline: tashar waƙoƙin da ta yi zaman teku

Zainab: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, ga Nura a gefena, ga kuma Kawu Bala. Yau Ingila muka nufa.

Kawu Bala: Bakin tekun Ingila dai, 'yar nan. Tashar da za mu yi zancenta, Radio Caroline, ba a kan tudu take ba, a kan jirgin ruwa take.

Nura: Nan ne na ɗaure. Kawu, mutum da kuɗinsa, me zai sa ya ɗora gidan rediyo a kan jirgin ruwa?

Kawu Bala: Don an rufe masa ƙofa a tudu. A farkon shekarun 1960 duk Birtaniya BBC kaɗai ke da izinin watsa rediyo. Tashoshinta na ƙasa 3 ne, kuma waƙoƙin matasa sai a tsakura musu 'yan sa'o'i a mako. Alhali a lokacin ne Beatles da Rolling Stones ke tashe.

Nura: Wato manya sun raina kiɗan yara.

Zainab: Akwai wannan, amma ba laifin BBC ba ne ita kaɗai. Ƙungiyar makaɗa da kamfanonin faifai sun ƙayyade mata yawan sa'o'in da za ta sa faifai. Makaɗa na tsoron in faifai ya yi yawa a rediyo, ba wanda zai ɗauke su aiki su buga kai tsaye. Sai ka ji ƙungiyar makaɗan BBC tana maimaita waƙar da matasa ke so, amma ba a bakin mai ita ba.

Nura: Kai, ai wannan cin fuska ne.

Kawu Bala: Shi ya sa da dare kowa ke murɗawa zuwa Radio Luxembourg, wata tashar ƙasar waje, murya na zuwa tana ɗaukewa. Ita ma manyan kamfanoni irin su EMI da Decca sun saye lokacinta. To akwai wani saurayi ɗan Ayalan, Ronan O'Rahilly, yana tallata mawaƙa a Landan. Yadda shi ya riƙa ba da labari, ya zaga da faifan wani mawaƙinsa, Georgie Fame, BBC ta ƙi, Luxembourg ta ƙi. Sai ya ce to zai buɗe tasa.

Zainab: Kuma ba ɗan talaka ba ne. Mahaifinsa ke da tashar jiragen ruwa ta Greenore a Ayalan. A can aka ɗauki wani tsohon jirgin fasinja na Denmak, aka kafa masa doguwar eriya, aka zuba na'urori.

Nura: Doka fa?

Kawu Bala: Ikon Birtaniya a kan teku mil 3 ne kawai daga gaɓa a wancan zamanin. Jirgin ya tsaya a bayan wannan iyaka, daura da garin Felixstowe, da rajistar ƙasar Panama. Ranar 28 ga Maris 1964 suka fara. Faifai daga safe har yamma, ba lacca, ba dogon Turanci. Ga ƙananan rediyo masu batir sun yi araha, yarinya na shago tana aiki tana ji, direba na ji.

Zainab: Bayan 'yan watanni suka haɗe da wata tashar mai suna Radio Atlanta. Jirgi ɗaya, Mi Amigo, ya zauna a kudu yana ciyar da Landan da kewaye, ɗayan ya zagaya ya tsaya kusa da tsibirin Man yana kama arewacin Ingila da Ayalan. Daga nan wasu suka biyo sahu, babbarsu Radio London.

Nura: Ni fa Yaya Zainab, yadda kuke faɗa kamar waɗannan mutane waliyyai ne. Ba kasuwanci suka je yi ba?

Zainab: Kasuwanci ne tsagwaronsa. Talla suke sayarwa, kuma an san Caroline ta riƙa karɓar kuɗi don a yawaita sa wasu faifai. Abin da O'Rahilly ya yi kuka da shi a Luxembourg, shi tasharsa ta dawo tana yi.

Kawu Bala: Har jini an zubar. A watan Yunin 1966 rigima kan wata na'urar watsa shiri ta kai wani ɗan kasuwa, Oliver Smedley, ya harbe Reg Calvert, mai wata tashar teku, Radio City. Kotu ta wanke Smedley, ta ce kare kansa ya yi. Amma gwamnatin firaminista Harold Wilson ta samu abin da take nema. Da ma tana ƙorafin suna shiga zangon wasu ƙasashe, ba sa biyan haƙƙin masu waƙa yadda ya kamata. Yanzu ga gawa.

Nura: Sai aka tura sojan ruwa.

Kawu Bala: A'a, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Dabara suka yi. Dokar 1967 ta ce duk ɗan Birtaniya da ya yi aiki a jirgin, ko ya kai musu abinci da mai, ko ya ba su talla, ya aikata laifi. Ka ga an bar jirgin a teku, an toshe masa maƙogwaro. Ranar 14 ga Agusta 1967 Radio London ta yi sallama da ƙarfe 3 na rana. Caroline ta ƙi. Mai gabatar da shirinta Johnnie Walker na kan makirufo da tsakar dare lokacin da dokar ta fara aiki, ya ci gaba da sa waƙa.

Zainab: Wurin da ya fi ba ni dariya shi ne abin da ya biyo baya. Ranar 30 ga Satumba, mako 6 da 'yan kwanaki kenan, BBC ta buɗe Radio 1, tashar waƙoƙin matasa. Wa ya buɗe ta? Tony Blackburn, wanda ya yi Caroline ya yi Radio London. Kenny Everett da John Peel su ma daga jirgi aka kwaso su. Har 'yan gajerun waƙoƙin kiran sunan tasha, salon jirgin aka kwaikwaya.

Nura: Wato an haramta abin, an kuma ɗauki masu yin sa aiki.

Zainab: Shi ya sa ni a ganina gwamnati ta ci shari'a, amma kunnen jama'a ya riga ya tafi. Zuwa 1973 an ba tashoshin kasuwanci lasisi a tudu, Capital ta buɗe a Landan.

Kawu Bala: Mu nan ai mun daɗe a baya. Sai 1992 aka yi dokar da ta halatta gidan rediyo mai zaman kansa a Nijeriya, Ray Power ta fara a Legas a 1994. Kafin nan ko ta tarayya ko ta jiha.

Nura: To Caroline ta mutu kenan a 1967?

Kawu Bala: Ina! Wahala dai ta fara. Daga Holan ake kai musu kaya, talla ta ƙafe. A Maris 1968 kamfanin da ke musu jigila ya ja jiragen biyu ya tafi da su saboda bashi. A 1972 Mi Amigo ta koma teku, ta tsufa, tana yoyo. A Maris 1980 guguwa ta nutsar da ita. An ceto ma'aikatan, har da wani ɗan tsuntsu da suke kiwo, wanda suka raɗa wa suna Wilson.

Nura: Sunan firaminista? Waɗannan mutane ba su da dama.

Zainab: Suka sake dawowa a 1983 da Ross Revenge, tsohon jirgin kamun kifi, da turken eriya mai ƙafa 300. Turken ya karye a 1987. A 1989 jami'an Holan suka hau jirgin suka kwashe kaya. A ƙarshen 1990 watsa shiri daga teku ya tsaya, a 1991 jirgin ya kafe a yashin Goodwin, sai janyo shi aka yi.

Nura: Amma tsaya. In Radio 1 da Capital na nan, wa ke sauraronsu a waɗannan shekarun?

Kawu Bala: Tambayar kenan. Ba taron 1965 ba ne. Sun bar waƙoƙin yayi sun koma sa manyan faifai na masu sha'awa ta musamman, kuma kuɗin da ke riƙe jirgin yawanci na tashoshin harshen Holan ne da ke haya a ciki. Ni ina ganin aikin da ta zo yi ya ƙare tun 1967. Abin da ya rage taurin kai ne da ƙauna.

Zainab: Kawu, ban yarda gaba ɗaya ba. Taurin kan ne ya kai su 2017, lokacin da Ofcom, hukumar kula da kafofin watsa shirye-shirye ta Birtaniya, ta ba su lasisi a matsakaicin zango, mita 648 kHz. Kuma wannan zangon, da Orfordness, wurin da ake watsa shi daga bakin tekun Ingila, da can Sashen Duniya na BBC ke amfani da su. O'Rahilly ya rasu a 2020, ya ga wannan da ransa.

Nura: Jirgin fa?

Zainab: Yana nan a kogin Blackwater a yankin Essex. Masu sa kai ke kula da shi, lokaci-lokaci suna gabatar da shiri daga cikinsa, ana kuma kama su a intanet.

Nura: Kawu, da kai ne za ka yi mako biyu a teku don sa faifai?

Kawu Bala: Ni da ko kwalekwalen fito sai na yi ta salati? A bar ni a tudu.

Zainab: To masu saurare, lokaci ya cimma mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.