Tambarin da ke shafin mujalla ba shaida ba ne

[Hoto: ƙofar Jami'ar André Salifou da safe, ƴan kabu-kabu na sauke ɗalibai]

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, da masu kallonmu daga nesa. Kwanan nan wani hoto ya yi ta yawo a WhatsApp tsakanin ɗalibai da malamai. Ga shi nan kuna gani, mun rufe sunaye. Wani bawan Allah ya tura wa wata mujallar ilimi maƙalar bincikensa ran Litinin, ran Alhamis amsa ta iso: an karɓa, barka, turo Yuro 100. A kuɗinmu jika 65 ke nan da ɗoriya. Sai gardama ta kaure. Wasu suka ce duk mujallar da ta nemi kuɗi ɓarauniya ce. Wasu suka ce haba, ai tana da lambar rajista ta ISSN, ga tambarin Scopus, babban kundin nan na mujallun ilimi, a shafinta, me kuma ake nema? Duka biyun akwai gyara, amma magana ta biyu ce ta fi cinye wa mutane kuɗi, don haka a kanta za mu daɗe.

Maganar kuɗi, a gurguje. A da mai karatu ne ke biya, ko ɗakin karatun jami'arsa. Daga baya aka fito da tsarin da kowa zai karanta kyauta a intanet, kuma sanarwar Budapest ta 2002 ta ba shi ƙarfi. Mu da ɗakunan karatunmu ba su da kuɗin sayen manyan mujallu, wannan tsari rahama ne. To amma aikin bugawa yana cin kuɗi. Wani wuri jami'a ke ɗaukar nauyi, wani wuri marubuci ke biya. Mujallar PLOS ONE tana karɓar kuɗi, kuma an san ta. Mafi yawan mujallun da ke cikin DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, ba sa karɓar ko dala. Abin da ya kamata ya tada maka hankali shi ne a ɓoye farashin, sai an ce an karɓi aikinka sannan a miƙo maka takardar biya.

[Hoto: shafin mujallar Science na 2013]

A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙala a kan wai wani sinadari yana hana cutar kansa yaɗuwa, ya cika ta da kurakuran da duk masanin fannin zai gani tun a karatun farko. Ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Cikin waɗanda suka karɓa har da wasu da ke ƙarƙashin manyan kamfanoni irin Elsevier da Sage. Wani abu ya tsaya mini a rai game da gwajin nan: sunayen marubutan da na cibiyoyin da ya ƙirƙira, duk ya yi su kamar na Afirka, don in an nema a intanet ba a gani ba, kada a yi mamaki. Haka ake kallonmu, kuma duk maƙalar da ɗayanmu ya jefa a mujallar bogi tana ƙara wa wannan kallo ƙarfi. Shi ya sa abin yake damuna.

Masu damfarar ma ba ƙananan ƴan kasuwa ba ne. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS na Indiya biyan sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta.

To yanzu ga inda ake tuntuɓe.

[Hoto: fuskar kwamfuta, shafin wata mujalla, tambura jere a gefe]

Ku dubi gefen nan. Tambura goma sha wani abu. Scopus, DOAJ, Google Scholar, Crossref, ga wata lamba da manyan baƙaƙe wai ƙarfin tasirin mujalla. Ɗalibi ya gani, zuciyarsa ta kwanta. Amma wa ya sa tamburan nan a wurin? Mai mujallar ne da hannunsa. Ku ga yadda ake yi. Na danna, na kwafa, na liƙa. Ko minti ɗaya ban yi ba, ga tambarin Scopus a kan hoton tasar kilishi. Kilishin ya yi kyau, amma bai shiga Scopus ba.

In za a ba wani ɗiya a Birni ko a Zango, ba a zaunar da saurayi a ce masa yaro, kai mutumin kirki ne? Kawu ne ke sa takalmi ya tafi unguwarsu, ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta. Haka binciken mujalla yake. Duk abin da ta faɗa a kan kanta, maganar saurayi ce. Sai ka fita daga shafinta, ka je gidan wanda ta ce ya san ta. Zuwa da kai ya fi saƙo.

ISSN kuwa, lamba ce mai alƙalami 8, babbar cibiyarta na Faris. Aikinta ta bambanta wannan mujalla da waccan, iyakarta ke nan. Kamar lambar da ke bayan babur ce: tana nuna an yi masa rajista, ba ta gaya maka ko mai tuƙin ya iya tuƙi. Amma kada ka yar da ita, da ita za mu yi binciken. Kwafe ta.

[Hoto: ana buɗe sabon shafi, ana rubuta doaj.org]

Ku lura, da hannuna na rubuta adireshin. Ban danna tambarin da ke shafinsu ba, don yana iya kai ni inda suka ga dama. Wannan shi ne DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta. An fara shi a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003. Bayan gwajin Bohannon sun tsaurara sharuɗɗa, suka sa kowa ya sake neman shiga, a 2016 suka cire mujallu kusan 3,300. Liƙa lambar a nan. Lambar, ba sunan ba, don masu damfara sun iya sa suna mai kama da na gaske, su sauya kalma ɗaya tak.

In ta fito, kada ka yi saurin murna, saura taki ɗaya, kuma shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. A nan cikin DOAJ akwai adireshin mujallar. Danna shi. Yanzu ajiye shafukan biyu gefe da gefe, wanda DOAJ ta kai ka da wanda aka turo maka a imel. Karanta adireshin harafi bayan harafi. Ɗaya ne? Dalili, akwai masu satar mujalla ɗungurungum. Su ɗauki sunan mujallar gaskiya, da ISSN ɗinta, da launinta, su buɗe shafi na daban suna karɓar kuɗi. Ka bincika suna, ka same shi. Ka bincika lamba, ka same ta. Komai daidai, sai dai gidan ba gidan ba ne. Shafin Retraction Watch yana da jerin irin waɗannan mujallun da aka sace, ana dubawa kyauta.

Haka za ka yi in sun ce suna Scopus. Jerin mujallun Scopus a buɗe yake, ba sai ka biya ba. Duba har da shekaru, don Scopus na korar mujalla, ita kuma ta bar tambarin a shafinta tana ci gaba da tallarsa. Lambar tasirin da duniya ta sani kuwa, kamfanin Clarivate ne ke fitar da ita, yana da nasa wurin bincike. Google Scholar na'ura ce ke tattaro abin da ta samu, ba ta tace kowa, kasancewa cikinta ba abin tinƙaho ba ne.

Nan ba ni da hoton nunawa, sai dai ku saurara, don kada in jawo wa mujallunmu zalunci. Rashin suna a DOAJ ba ya nufin bogi ce. Da yawa cikin mujallun jami'o'inmu na Nijar da maƙwabta, musamman masu fita da Faransanci, ba su taɓa neman shiga ba, alhali malaman da muka sani ne ke ɓata dare suna tace maƙalu ba a biya su ba. Laifin da nake magana a kai shi ne mujalla ta ce tana ciki, ka je ka tarar ba ta. Wadda ta yi maka ƙarya a ƙofa, me za ta gaya maka a ɗaki? Ga na Afirka, ka leƙa AJOL, shafin da ke tattara mujallun ilimi na Afirka, wanda ke aiki tun 1998. Jerin mujallun da ake zargi da damfara, na Jeffrey Beall, da wasu ke ta turawa, shi kansa ya rufe shi a farkon 2017, kuma ko a lokacin an yi ta ƙorafin yana haɗa mai laifi da marar laifi. Ka ɗauke shi a matsayin ƙararrawa, kada ka mai da shi alƙali.

Sauran da sauri. Karanta maƙala biyu da suka buga a fanninka, za ka ji ɗanɗanon. Ɗauki sunan edita ɗaya, nemo shi a shafin jami'arsa, ka tambaye shi ko ya san da zancen. Mujalla guda mai buga noma da shari'a da haƙori da adabi a fitowa ɗaya, bar ta. Tacewar masana ta gaskiya tana ɗaukar makonni, sau da yawa watanni, kuma tana dawowa da gyararraki masu ɗaci. Malam, Malama, in dosiyen CAMES, hukumar da ke duba ƙarin girman malaman jami'a, kuke haɗawa, ku tambayi wanda ya riga ku wucewa a sashenku kafin ku tura, don masu dubawa suna kallon inda aka buga.

[Hoto: saƙon WhatsApp na farko ya dawo]

Shi kuma ɗan'uwanmu mai wannan saƙo, in bai biya ba tukuna, kada ya biya, kada ya sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka. Ya rubuta musu yau cewa ya janye maƙalarsa, ya nemi amsa a rubuce, ya adana duk saƙonnin. Ya dakata kada ya tura ta wata mujalla sai ya tabbatar ba su ɗora ta a shafinsu ba, sannan ya je ya gaya wa malamin da ke duba aikinsa abin da ya faru.