Kashi Goma Cikin Ɗari: Idan Aikin Likita Ya Je Gaban Alƙali

A jihar New South Wales ta Ostireliya, inda birnin Sidni yake, ba a yi wa mota rajista sai da inshorar dole, wadda suke kira koriyar takarda. In mota ta buge mutum, kamfanin inshora ne ke biya. Amma diyyar raɗaɗi da wahalar da ya sha ba ta fitowa sai naƙasar da ta zauna masa a jiki ta haura kashi 10 cikin 100. Goma cif ba ta isa ba.

To wa ke aunawa? In aka yi saɓani, hukumar da ke sauraron ƙorafin masu rauni, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2021, ita ke tura mutum wurin likitanta. Abin da likitan ya rubuta ya zama hujja. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 28 ya nemi a kafa kwamitin mutum uku, likitoci biyu da mamban hukumar guda, su sake dubawa.

In nan ma ba a dace ba, sai Babbar Kotun jihar, bisa sashe na 69 na dokarta ta 1970, cikin wata uku. A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Alƙali ba zai taɓa wuyan kowa ba, ba kuma zai ce kashi tara ya koma kashi sha biyu ba. Hanyar da aka bi yake bincika.

A ce wata mata ta ji ciwo a wuya, ciwon ya hana ta ɗaga kafaɗa. Ta faɗa, lauyanta ya rubuta, likita ya auna wuya kawai ya tsallake kafaɗar bai ce uffan ba. Wannan kuskuren shari'a ne. Haka in aka dogara da wani rahoto ba a ba ta damar mayar da martani ba. Haka in aka ce dama tana da tsohon ciwo aka rufe magana, alhali ƙa'ida ba ta ce dole hatsarin ya zama shi kaɗai ne sanadi ba. A 2013, a shari'ar Wingfoot da Kocak, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce dole kwamitin likitoci ya bayyana hanyar tunanin da ta kai shi ga ra'ayinsa. Wannan a ganina shi ne gaskiya: wanda za a hana diyya, ya cancanci jin dalili.

Sai dai nasara a kotu ba kuɗi ba ce a hannu. Ana soke takardar likitocin ne, a mayar da batun a sake aunawa, kuma matar tana iya sake fitowa da kashi tara. Kamfanonin inshora ma suna bin wannan ƙofa, kuma galibi wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin shari'a.